Aikin Tiyatar Ƙashin Baya: Abin da Ya Rataya a Wuyan Mu Mazauna Birni



Mu da muka gama aikin koyarwa muka koma gida, kullum muna ganin abin da ku mazauna Kano da Kaduna da Abuja ba ku ji sai ta waya. Daga cikin abubuwan nan akwai ciwon kwankwaso, wanda ya durƙusar da manoma da yawa tun ƙarfinsu bai ƙare ba. Mu ba likitoci ba ne, amma mun yi jinyar 'yan uwa, mun zauna gaban likitoci mun tambaya, don haka muka ga ya dace mu faɗi abin da muka koya.

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce, gaɓoɓi ne a jere, biyar daga cikinsu a kwankwaso. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifai na guringuntsi mai taushin ciki, wanda ke hana su gogar juna. Shekaru da sunkuyo da ɗaukar buhu kan sa faifan ya tsage, cikinsa ya bulluƙo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Shi ya sa mutum zai ce ciwo na tsarga masa daga ɗuwawu har yatsa, alhali ƙafar lafiya lau take. Galibi faifai biyu na can ƙasa ne ke yin haka. Tun 1934 wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana wannan lalura da yadda ake cire ɓangaren da ya danne jijiyar.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, mafi yawan masu wannan ciwo ba sa bukatar wuƙa. Da magani da gashin ƙashi da rage aiki mai nauyi, sukan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12. Amma akwai alamomin da ba a kwana da su: fitsari ya ɗauke ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa. Wanda ya ga haka, ba lokacin kaho ko sakiya ba ne, ba kuma lokacin jiran ɗa ya turo kuɗi ƙarshen wata ba. A sa shi a mota a bi ta Wudil zuwa Kano a ranar, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba lalle ta farfaɗo ba. Haka kuma ciwon baya da ya zo da rama da zazzaɓin dare na iya zama tarin fuka ne ya ci ƙashi, wanda maganinsa daban ne. Ba mu raina masu ɗori ba, sun yi wa kakanninmu aiki, sai dai hannu ba ya ganin jijiya. Hoton MRI ne ke ganinta.

A Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In likita ya ce sai an yi aiki, kada wanda ya raka maras lafiya ya yi shiru don kunya. Ya tambaya wane faifai ne, me ake fata aikin zai gyara, me kuma ba zai gyara ba. Sau da yawa aikin ya fi kawar da ciwon ƙafa fiye da na bayan kansa, kuma gara tsoho ya ji wannan tun kafin a kwantar da shi. A gaya wa likita duk abin da ake sha, har jiƙo da sassaƙe da asfirin, don wasunsu na tsinka jini. A daidaita suga da hawan jini, mai shan taba kuma ya aje ta.

Aikin kansa bai cika wuce awa biyu ba, kuma akan tayar da mutum ya taka a ranar ko washegari. Inda muke faɗuwa shi ne bayan sallama. Muna da wani ɗan uwa da 'ya'yansa suka yi karo-karo aka yi masa aiki, ya tashi garau, kowa ya koma bakin aikinsa yana murna. Ruwa ya sauka, ba wanda aka bar wa gonar, dattijo ya dubi ciyawa tana cin geronsa ya kasa haƙuri, ya ɗauki fartanya. Kafin kaka ya koma kwance. Ba mu ga laifinsa ba. Laifinmu ne da muka biya kuɗin asibiti muka manta da kuɗin ƙwadago.

Likitoci kan hana sunkuyo da murɗa jiki da ɗaukar kaya har kimanin mako 6, aikin ƙarfi irin na gona kuwa sai wajen wata 3, shi ma da izininsu. To, mu dubi gidajenmu na ƙauye da wannan ido. Kwanciya a tabarma, masai na tsuguno, ruwa a rijiya sai an ja guga, cin tuwo a ƙasa, zuwa ko'ina a bayan babur kan hanya mai gargada. Kusan duk motsin yini sunkuyo ne. Saboda haka kafin a dawo da shi, a tanadi gado mai ɗan tsawo da katifa mai tauri, a yi masa kujerar zama a bayi, ko da kafinta ne zai huda ta katako, a kuma sami yaron da zai riƙa ɗebo ruwa. In da hali, ya yi makonnin farko a gidan ɗaya daga cikinku a Kano, kusa da likitan da zai duba ɗinkin. In wurin ya yi ja, ko ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya taso, a koma nan take.

Kwanciya dare da rana ma ba gata ba ce. Tafiya kaɗan-kaɗan a tsakar gida, ana ƙarawa kullum, ita ce ke dawo da ƙarfi. Batun salla kuwa, dattawanmu kan ji nauyin yin ta a kujera a gaban jama'a, su tilasta wa kansu ruku'u da sujada. A nan muna roƙon limamanmu su riƙa zuwa da kansu su gaya musu cewa shari'a ta ba maras lafiya rangwame, don daga bakin liman za su fi karɓa.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce, in aikin ba na gaggawa ba ne, a nemi likita ya sa ranar bayan an kai amfanin gona gida, yadda jinya za ta faɗa cikin rani. In kuma dole ta sa aka yi shi da damina, to duk gudummawar da za mu tara a kasa ta biyu tun farko, kashi ɗaya na asibiti, ɗaya na waɗanda za su yi masa noman fari da maimai.