Darasi Daga Rubutun Japanawa



Maganarmu ta yau a kan kanji ce, wato rubutun da Japanawa suka aro daga Sin, inda kowace alama ke ɗauke da ma'anarta. Mu duba kalmomin aikatau na kullum. Alamar gani, miru, ido ne bisa ƙafafu. Ta ji, kiku, kunne ne a cikin ƙofa. Ta hutawa, yasumu, mutum ne a gefen itace, tamkar manomi a gindin gawo. Alamar ba ta sākewa. Ƙarshen kalmar ne ke sauyawa, a rubuta shi da wasu baƙaƙe, hiragana, kamar yadda mu ke cewa saya, sayo, sayar.

Jerin da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 alamu 2,136 ne, kuma 1,026 daga ciki a firamare yaro ke koyonsu. Duk da wannan nauyi ba su yar da rubutunsu ba. Da shi su ke koyar da likitanci da ƙirar mota.

Mu kuwa ajaminmu, wanda baƙaƙensa ba su kai hamsin ba, mun bar wa makarantar allo, har aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007. Hausawa na cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saboda haka in mun koma gida hutu, kowannenmu ya durƙusa gaban malaminsa na allo, ya koyi rubuta wasiƙa da ajami.