DA WANE SUNA AKE KIRANMU? Jawabin Faston Ekklesiya a Ranar Bikin Cika Shekara Hamsin

 

Tarihin gini da sunayen bayin Allah da suka yi hidima a nan, magatakarda ya riga ya jera su cikin wannan littafi, ba zan maimaita ba. Ni tambaya ɗaya na kawo, ba kuwa tawa ba ce. Wata yarinya 'yar ajin baftisma ce ta yi mini ita bara. Ta ce, "Baba Fasto, a makaranta ana tambayata ƙabilata. In na ce ni Bahaushiya ce, sai a ce ai Bahaushe ba ya zuwa coci. In na faɗi garin kakana, sai a ce in yi yaren, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba. To, ni wace ce?" Na ba ta amsa irin ta mai sauri, amma na kwana ban gamsu ba. Yau nake so in amsa mata a gabanku, gama amsar tana cikin shekara 50 ɗin nan da muke biki dominsu.

Ba Turawan mishan ne suka tara iyayen da suka kafa wannan ekklesiya ba. Jiniyar kamfani ce ta tara su. A tsakiyar shekarun 1970, zamanin Udoji da kuɗin man fetur, Bompai cike take da masaƙu, da kamfanonin man gyaɗa, da na alawa, da na kwanuka da robobi. Sharada da Challawa kuma suna ta buɗewa. Labari ya kai ƙauyuka cewa a Kano akwai aiki, ana biya duk wata. Sai mutane suka kwararo daga Filato, daga kudancin Zariya kamar yadda ake cewa a lokacin, daga Tangale da Waja, daga Biu da Zuru da Adamawa, har da ƙauyukan ƙasar Kano ita kanta. Ni ma cikin ayarin na zo, ina yaro, wurin kawuna da yake aiki a wata masaƙa a Bompai. Ban manta da safiyar farko ba. Kekuna ne a kan hanya kamar tururuwa, kowa da ƙullin abincinsa a bayan sirdi.

A ƙauye, in an ga mutum an san ubansa, an san gonarsu, an san inda aka binne kakansa. A kamfani kuwa mutum lamba ne a kan kati. Da ita ake kiransa, da ita ake biyansa, da ita ake sallamarsa. Majami'u suna nan a Sabon Gari tun da daɗewa, amma wanda ya kwana tsaye a gaban inji, ya fito da asubahin Lahadi ido ya yi ja, tafiyar tana yi masa nauyi. Saboda haka 'yan kaɗan suka fara taruwa a ɗakin wani ɗan'uwa, daga baya aka kafa rumfar kwano da benci huɗu ko biyar. Daga nan ne aka haifi ɗakunan addu'a na wajen Sharada da Panshekara. Wurin nan kaɗai ne cikin mako ake kiran lebura da sunansa, a kuma tambaye shi lafiyar tsohuwarsa a gida.

To, da wane harshe za su yi sujada? Mutumin Pankshin ba ya jin na Kaltungo, na Kaltungo ba ya jin na Zonkwa. Abin da suke da shi tare shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, da Littafin Waƙoƙi. Da Hausa suka yi addu'a, da ita suka yi gardama a taron dattawa, da ita kuma samari suka nemi aure. Ɗan wannan ƙabila ya auri 'yar waccan, abin da iyayensu a gida ba su taɓa mafarkinsa ba, 'ya'yan kuwa suka tashi ba su da wani harshen uwa sai Hausa. Yarinyar da ta yi mini tambaya jikar irin wannan aure ce. Ba ɓata ta yi ba. Abin da kakanninta suka shuka ne ya tsiro.

Akwai kuma waɗanda suke Hausawa kaka da kakanni a cikinmu. Mai cewa Bahaushe ba ya bin Almasihu bai san tarihi ba. Dokta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, aka kuma koma da aikin Wusasa a 1929, inda Hausawa da Fulani masu bi suka yi zuriya har yau. A ƙauyukan Kano da Katsina ma akwai majami'u na waɗanda ake kira Maguzawa. Amma bari in faɗi gaskiya a kanmu. Waɗannan 'yan'uwa sun fi kowa shan wuya, wani lokaci ma a hannunmu. Ranar tashin hankali, a wancan shinge a tsare su saboda bangaskiyarsu, a wannan shinge kuma a tsare su saboda babbar riga da harshensu. Wanda ya taɓa yi wa ɗan'uwansa kallon ɗan leƙen asiri domin sunansa Audu ko Ɗanladi, ya nemi gafararsa kafin ya zo teburin Jibin Ubangiji.

Wani abin kunya kuma da nake tunawa shi ne na majema. 'Yan'uwanmu masu aiki a kamfanonin fata na Challawa da Sharada, kome wankan da suka yi, warin jima ba ya barin jikinsu sarai. Na ga ana matsawa a benci in sun zauna. Ni ma na matsa, ina saurayi mai sabuwar riga. Sai da na je Makarantar Littafi Mai Tsarki, muna nazarin Ayyukan Manzanni sura 9 da 10, na lura da inda Bitrus ya sauka a Yafa. Gidan majemi ne, sana'ar da Yahudawa suke ƙyama saboda taɓa mushe. A kan soron gidan nan ne Allah ya koya masa kada ya ƙyamaci wanda shi Allah ya tsarkake, daga nan kuma ya tashi ya shiga gidan Karniliyus, wanda ba Bayahude ba. Da na dawo hutu, kusa da majemi na nemi wurin zama. Ban ce na zama waliyyi ba, kunya ce ta kama ni.

Kamfani ya koya mana wani abu kuma wanda 'ya'yanmu ba su samu ba. Kawuna yakan riƙe wa abokin aikinsa inji ya je ya yi sallar azahar, shi kuwa ya karɓi aikin kawuna ranar Kirsimati. Ana kawo mana naman layya, muna kai musu shinkafa. Ba wanda ya bar addininsa domin wannan. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake bi, ya kuma san zai iya barin hannunsa kusa da inji in wancan ne yake riƙe da makunni.

Sa'an nan iska ta juya. Daga 1986, da aka kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar NEPA ta zama sai an ga dama, atamfar fasa-ƙwauri kuma ta cika kasuwa, daga baya ta Sin ta zo ta ƙarasa. Ɗaya bayan ɗaya ƙofofi suka rufe. Har yau akwai kamfanonin da suke aiki, mun gode Allah, amma ku bi ta wasu titunan Bompai da Sharada ku ga inda dā ake saƙa, yanzu ɗakin ajiyar kaya ne, ko ciyawa ta rufe shi. Magidanta da suka yi shekara 20 suna rataya kati a wuya suka wayi gari ba kati. Waɗansu suka koma gida, gidan kuwa bai san su ba. Waɗansu suka shiga gadi, waɗansu acaɓa, har aka hana ta ɗaukar fasinja a Kano a 2013.

Wani dattijo, ya riga mu gidan gaskiya, ya daina zuwa sujada wata uku. Da na je wurinsa, ya ce mini, "Fasto, da wace fuska zan zauna a bencin dattawa, kwanon baiko ya wuce ni hannu wofi?" A ranar na gane mun bar albashi ya zama ma'aunin mutum har cikin Ɗakin Allah. Mukan sanar da sunan mai ba da buhun siminti, mu manta da mai share majami'a. Waɗanda suka riƙe ekklesiyar nan a shekarun nan su ne mata. Da adashi da tuyar ƙosai da ɗinki Zumuntar Mata suka biya kuɗin makarantar marayu, suka ciyar da mai bishara. Iyayenmu mata, ba a rubuta wannan a allon marmara ba, shi ya sa na faɗe shi a nan.

Ba zan tsallake wuta ba, ko da yake ranar murna ce. Mun ga Maitatsine a Disamba 1980. Mun ga ƙone majami'u a 1982, da rikicin zuwan Bonnke a Oktoba 1991, da na Mayu 2004 bayan abin da ya faru a Yelwan Shandam. Ran 20 ga Janairu 2012 bamabamai suka tashi a birnin nan, har a hedkwatar 'yan sanda ta Bompai, mutum fiye da 150 suka mutu, Musulmi da Kirista. Bayan kowane ɗaya benci yakan ragu. Waɗanda suka rage kuma suka tattara suka koma unguwannin da suke ganin nasu sun fi yawa. Ba na ganin laifin kowa, gama mai iyali dole ya nemi inda zai yi barci. Amma ga abin da ya biyo baya: muna da matasa da aka haifa a Kano, ba su taɓa cin tuwo a gidan Musulmi ba. In ka tambaye su mene ne Kirista, abin da aka yi mana za su fara lissafawa.

Wannan ne yake ba ni tsoro fiye da rufewar kamfani. Ba na ce ku manta ba, ni ma na binne mutane. Amma a 1991 wani Alhaji maƙwabcinmu ne ya ɓoye ni da matata da jariri a ɗakin uwargidansa kwana biyu, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure ya zauna da carbinsa. In zan ba jikokina labarin masu fetur da ashana, wajibi ne in ba su labarinsa. Haka kuma a farkon Janairun 2012 ɗin nan, lokacin zanga-zangar kuɗin mai, matasan Kirista sun tsaya gadi a nan Kano Musulmi suna salla. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa kamammu a Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi wa birnin addu'a. In an nemi haka daga waɗanda aka kai da sarƙa, balle mu da muka zo da ƙafafunmu, muka kuma binne cibiyoyin 'ya'yanmu a nan?

Na sani ba kullum birnin yake karɓarmu a matsayin nasa ba. Ɗana na fari, haifaffen nan, ya je wani ofis neman takardar shaidar asali, aka ce ya tafi garin ubansa. Ya tafi, can ma aka ce ba a san shi ba. Wannan magana ce da shugabanninmu za su ci gaba da kai wa hukuma, da ladabi, ba tare da gajiya ba.

Yanzu ga amsata, 'yata, in kina cikin taron nan. Hausar da ke bakinki ba aro ba ce, da ita aka yi wa uwarki addu'a ranar da aka haife ki. Garin kakanki naki ne, ki roƙi kakarki ta koya miki gaisuwarsu tun tana da rai. Kano kuma garinki ne. Ba sai kin jefar da ɗaya kafin ki riƙe ɗaya ba. Sunan da za a kira a kanki ranar baftisma kuwa, ba kamfani ne ya ba da shi ba, ba ofis ba, saboda haka ba mai sallamarki daga cikinsa.

Wannan ne ya sa ban goyi bayan shawarar da ake kawowa ba, cewa a mai da sujadar Hausa ta asuba domin tsofaffi, babbar sujada kuwa ta koma Turanci. A yi ta Turanci, ban hana ba, matasa suna bukatarta. Amma in muka bar Hausa ga masu sanda kaɗai, mu da kanmu mun sa hannu a kan maganar masu cewa bisharar nan baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Dattawa za su zauna a kan batun cikin wata mai zuwa, ina roƙo matasa su zo su faɗi nasu.

Roƙo na ƙarshe. Gara ta cinye shafukan farko na littafin baftisma, sunayen yawancin masu rumfar kwano sun tafi da su. Bayan sujada magatakarda zai zauna da sabon littafi a bakin ƙofa. Duk wanda ubansa ko uwarsa suka zauna a kan bencin nan na farko, ya tsaya ya ba da suna, da garin da suka fito, da irin aikin da suka yi a kamfani. Na roƙi 'yan ajin baftisma su ne za su riƙe alƙalami.

Ubangiji ya albarkace ku. Amin.