Miligiram Nawa Ka Sha? Lacca a Kan Maganin Ƙarfin Maza

 

Na san akwai abokan aikina da suka so a bar wannan batu a bayan labule, wai akwai kunya. Na shekara da shekaru ina musu da su a kan haka. Mai tallar magani da ke yawo da lasifika a kasuwar Birnin Kebbi ko tashar Argungu bai taɓa jin kunyar ba. Mu masu takarda muka yi shiru, shi kuwa ya zama likitan gari.

Ƙwayar da ake magana a kanta sunanta sildenafil, wadda kamfanin Pfizer ya fitar da sunan Viagra, Amurka ta amince da ita a 1998. Asali don ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya aka fara gwada ta a Birtaniya, domin aikinta buɗe hanyoyin jini ne. Ku riƙe wannan, zan komo kansa. Tana zuwa a ƙarfi uku: miligiram 25, 50 da 100. Akan fara da 50, kamar awa guda kafin buƙata, sau ɗaya tak a yini. Wanda ya haura shekara 65, ko mai ciwon hanta ko ƙoda, da 25 ake fara masa. Babu wanda aka yarje wa wuce 100. Ƙanwarta tadalafil, wato Cialis, ana ba da miligiram 10 ko 20, kuma tana iya kai awa 36 tana aiki a jiki. Wanda ya sha jiya ya ƙara yau, tara ta yake yi.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Ni ban fi jin tsoron ƙwayar da ke cikin kwalinta ba, domin an rubuta ƙarfinta a jiki. Abin da ke hana ni barci shi ne garin magani a leda, da zuma a ƙaramar kwalba, da kofi, da tsimin da ake rantsuwa cewa saiwa ce zalla. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni huɗu da ke sayar da zuma wadda gwaji ya nuna an cusa mata sildenafil ko tadalafil ba tare da an rubuta ba. To in haka ta faru a can, ina ga mu da kaya ke ratsowa ta Kamba da sauran bakin iyakarmu da Nijar da Binin? Ka tambayi mutum miligiram nawa ya sha, ya ce cokali biyu. Cokali ba awo ba ne. Shi bai sani ba, mai sayarwa bai sani ba, likitan da za a kai wa shi cikin dare ma bai sani ba.

Ga inda ajali yake. Dattijo mai ciwon zuciya da ke sa ƙwayar nitroglycerin a ƙarƙashin harshe, ko yake shan isosorbide, magani mai buɗe jijiyoyin jini yake sha. Ya haɗa da sildenafil, sai jijiyoyin su saki gaba ɗaya, jini ya faɗi warwas, mutum ya yanke jiki. Da ƙwayar asibiti ce, mai harhaɗa magani zai hana shi. Amma shi a ganinsa zuma ya sha, don haka ko an tambaye shi zai ce bai sha komai ba. Washegari a ce Allah ya yi masa rasuwa farat ɗaya, a yi jana'iza, ba wanda ya waiwayi kwalbar da ke ƙarƙashin matashin kai. Garin neman gira an rasa ido. Masu shan maganin kumburin mafitsara irin doxazosin, da masu shan ritonavir na ƙanjamau, su ma sai an rage musu ƙarfin sildenafil ɗin.

Za a ce mini kakanninmu sun sha saiwa sun zauna lafiya. Na yarda. Kakanninmu ba su daka ƙwayar Bature a ciki ba. Wasu kuma na cewa a hana maganin baki ɗaya don yana lalata tarbiyya. Wannan ba hujja ba ce, magidanci mai ciwon suga yana da haƙƙin iyalinsa a kansa.

Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne raunin mazakuta sau da yawa ɗan aike ne. Jijiyoyin jinin wurin sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara toshewa. Ɗan shekara arba'in da biyar da ya zo da wannan kuka, a auna masa suga da hawan jini kafin a ba shi komai. Shi kuwa saurayin ango mai lafiya da abokai ke tura wa ƙwaya a daren farko, ba abin da ya rasa sai natsuwa.

Buƙatuna ba sababbi ba ne. NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasarmu, wadda ke nan tun 1993, ta riƙa sayen waɗannan kayan a kasuwanninmu tana gwadawa, ta faɗi sakamako da Hausa a rediyo. Hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta tuna wa masu kemis cewa lasisinsu bai ba su damar sayar da maganin da sai da takardar likita ba. Asibitin Sir Yahaya da Babban Asibitin Argungu su ware ɗaki da rana inda namiji zai ga likita ba a gaban layin jama'a ba. Ina kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, wanda ya tsaya tsayin daka a yaƙi da shan inna, ya sa baki a nan ma.

Ku da ke zaune, ku kai wannan gida. Wanda ya sha ya ji ciwon ƙirji, ko ganinsa ko jinsa ya ɗauke kwatsam, a tafi asibiti, a kuma tafi da kwalbar. Wanda gabansa ya miƙe ya wuce awa huɗu bai kwanta ba, musamman mai sikila, kada ya jira gari ya waye, domin jinkiri na iya kashe wurin har abada.