Sola Ko Janareta? Jawabin Shugaban Matasa A Taron Ƙofar 'Yandaka

 

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura dubu a 2024. Daga nan gardamar sola ta shiga kowace majalisa a unguwar nan.

Mai cajin waya da tela sun ce sola ta rufa musu asiri. Mai walda da mai niƙa kuwa sun ce ƙaramar sola ba ta ɗaukar injinsu, dole su ja janareta. Wani dattijo ya ƙara da cewa batir yana mutuwa bayan 'yan shekaru, ga jabun kaya sun cika kasuwa. Wallahi duk sun faɗi gaskiya.

Amma ku tuna watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Sama da mako guda yawancin Arewa tana cikin duhu, KEDCO ba ta da abin rabawa. Wa ya samu ruwa da caji a lokacin? Wanda ya ɗora faranti a rufinsa, ko mai kuɗin fetur. Talaka fa?

Matsalar ke nan. Fetur kullum kake biya, sola kuwa a tashi ɗaya take neman kuɗi masu yawa, talaka bai da su. Kuma mun ga yadda aikin wutar iska na megawat 10 a Lambar Rimi, da aka faro tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya ɗauki shekaru ana jira. Alkawarin baki ya ishe mu.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu. Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi abu uku: yaushe za a sa sola a rijiyoyin burtsatse da asibitin unguwa? Wane tsari ke gare shi na ba masu ƙananan sana'a sola su biya kaɗan-kaɗan? Matasanmu nawa zai koya wa haɗawa da gyara, kada a riƙa ɗauko masu aiki daga wani gari?

Mai walda ya riƙe janaretansa kafin wuta ta tsaya, ba mu da faɗa da shi. Mu dai mu rubuta buƙatunmu tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Katsina.