Guzurin Matafiyi Mai Farfaɗiya



Jami'a da ofishin gwamnati sun yi tarayya a abu guda, watau mutanensu ba su cika zama wuri ɗaya ba. Ɗalibi ya kan tafi gida hutu ya komo, in ya gama kuma a tura shi bautar ƙasa a jihar da bai taɓa takawa ba, kamar yadda a ke yi tun 1973. Ma'aikaci kuwa yau rangadi, gobe kwas, jibi canjin wurin aiki. A cikin waɗannan matafiya akwai masu ciwon farfaɗiya, ko da ya ke da wuya a san su, domin yawancinsu ɓoyewa su ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 kuma suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya zama ba tare da ciwon ya tashi ba, in an gane shi an kuma ba su maganin da ya dace.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani ɗan ƙarfin lantarki, cikin tsari. In tarin jijiyoyin suka yi aike gaba ɗaya ba tsari, sai mutum ya faɗi ya sandare ya yi ta jijjiga, ko kuwa ya yi zuru na ɗan lokaci bai san inda ya ke ba. Wani rauni ya samu a ka, wani sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, wani wahalar haihuwa ce, da yawa kuma ba a gano dalili.

Mota ba ta tayar da farfaɗiya, jirgin sama ma yawancin masu ciwon suna shigarsa lafiya lau. Ɓarnar tafiya ita ce warware tsarin zaman mutum. Ta kan raba shi da lokacin shan magani, ta hana shi barci, sa'an nan ta fitar da shi daga cikin waɗanda suka san halinsa ta jefa shi cikin baƙi. Duk shirin da mai farfaɗiya zai yi, na toshe waɗannan kafofi ne.

Magani shi ne kan gaba. Fenobabiton, wanda aka soma ba masu farfaɗiya a Jamus a 1912, da fenitoyin da ya biyo baya a 1938, da kabamazafin da balfurowet da suka fito a shekarun 1960, duk halinsu ɗaya ne: ba su tumɓuke ciwon, danne shi su ke yi muddin akwai isasshen magani a cikin jini. Kamar ruwan randa ne mai ɗiga, kullum sai an ƙara. In aka tsallake sha ɗaya ko biyu sai ma'aunin ya sauka, ciwon ya sami hanya. Wanda ya daɗe yana shan magani kuma ya yanke shi rana ɗaya, musamman fenobabiton, yana iya gamuwa da bugun da ya fi na da tsanani, irin wanda ke zuwa bi da bi ba farfaɗowa a tsakani. Wannan shi ke kisa. Saboda haka ma'aikacin da zai yi rangadin kwana biyar bai kamata ya ƙirga ƙwayoyin kwana biyar cif ya zuba a aljihu ba. Mota ta kan lalace, gada ta kan karye da damina, taro ya kan zarce. Ya ɗauki ninkin abin da ya ke bukata, ya raba gida biyu, kashi ɗaya a jikinsa, ɗaya a jaka. Ƙwayar da ke cikin akwatin da aka ɗaure a saman mota, ko aka auna aka jefa cikin cikin jirgi, ba ta da amfani ga mai ita sa'ad da lokacin sha ya yi, ballantana in akwatin ya sauka a Legas shi kuwa ya sauka a Kano. A bar ƙwayoyin cikin kwalinsu na asali, domin damshi yana rage ƙarfin kabamazafin, zafin cikin but kuma ba ya yi wa kowane magani daɗi.

Wani zai ce ai ko'ina akwai kemis. Akwai, amma ba kowane kemis ke ajiye waɗannan magunguna ba, jabu kuma bai ƙare a kasuwa ba. Har wa yau suna ya kan canja in an ƙetare iyaka. Balfurowet ɗin da a ke sayarwa a Nijeriya da Ingila da sunan Epilim, a Nijar da Faransa Dépakine a ke ce masa; fenobabiton kuwa Gardénal ne a can. Mutumin Katsina da maganinsa ya ƙare a Maraɗi, in sunan kamfani kaɗai ya sani, zai sha yawo. Maganin wannan shi ne takardar likita, mai ɗauke da sunan ciwon, da sunan maganin na asali, da yawan miligiram, da lokutan sha. Takardar tana da wani amfani kuma. Fenobabiton yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido, saboda haka jami'in kwastan da ya ga tulin ƙwayoyi ba takarda yana da ikon tambaya, tambayar kuwa ta kan ci yini.

Batun agogo ba shi da wuya sai ga mai tafiya nesa. Tsakanin Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru lokaci ɗaya ne. Saudiyya tana gaba da awa 2, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da Maleshiya da awa 7. Jiki bai san agogon bango ba, tazarar da ke tsakanin sha da sha ita ya sani. Mai shan magani ƙarfe 8 na safe da 8 na dare a Zariya, in ya sauka Jidda lokacinsa ya koma ƙarfe 10, yana iya zama a kan haka har ya dawo. Ɗalibin da za shi karatu Sin kuwa sai likita ya tsara masa yadda zai riƙa gusar da lokacin kaɗan kaɗan.

Rashin barci shi ne abokin gaba na biyu, shi ne kuma wanda aka fi rainawa. Ɗalibi ya kwana bakwai yana karatun jarrabawa da goro da gahawa, ranar da ya ajiye alƙalami ya faɗa motar dare, tafiyar kimanin kilomita 1,000 tsakanin Kano da Legas, a zaune. Mai lafiya ma jiri ya ke sauka da shi. Ga mai farfaɗiya, gara ya kwana ya bi motar safe ko da ta fi tsada, tafiya mai nisa kuma ya raba ta zango biyu. Aikin Hajji ya tara duk waɗannan wahalhalu wuri guda: jiran jirgi a sansanin alhazai, zafi, cunkoso, da kwanakin Mina da Arfa da Muzdalifa inda barci ke zama abin nema. Maniyyaci ya gaya wa likitocin tawagarsa gaskiya tun a gida, ya nemi barcin rana, ya kuma tambayi malamai sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya, kamar wakilci a wurin jifa. Haka batun azumi ya ke ga wanda ya haɗa ciwo da tafiya, kada ya sauya lokacin maganinsa da ka.

Akwai kuma magungunan da kan shigo a hanya su ɓata lissafi. Tiramadol, wanda a tasha a ke kira tiramol, a ke kuma miƙa wa gajiyayye kamar goro, yana jawo bugu ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Mefulokwin na rigakafin zazzaɓin cizon sauro an hana mai farfaɗiya shan sa. Kabamazafin da fenitoyin su ma suna rage ƙarfin waɗansu magungunan zazzaɓin. Duk inda zazzaɓi ya kama matafiyi, kalmar farko da zai gaya wa likita ko nas ita ce sunan abin da ya ke sha. Giya kuwa, ga mai shan ta, washegarin buguwa ne ciwon ya fi tashi.

Tuƙi magana ce mai ɗaci ga ma'aikacin da ya daɗe yana tara kuɗin mota. A Ingila doka ta ce sai mutum ya shekara ɗaya ciwon bai tashi ba kafin ya tuƙa ƙaramar mota, bas da babbar mota kuwa sai shekara 10, ba bugu ba magani. Dokoki sun bambanta ƙasa ƙasa, amma dalilin ɗaya ne: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, suman daƙiƙa goma ya isa. Wanda ciwonsa bai kwanta ba ya bar wa wani sitiyari, ya ɗaura bel. In ba makawa sai ya hau bayan babur, to da hular kwano. Kada ya zauna saman kaya a bayan babbar mota, ko bakin ƙofar jirgin ƙasa. Ruwa ya fi duk waɗannan haɗari, domin iya iyo ba ya ceton wanda ya suma. Mai ƙetare Kwara ko Binuwai a kwalekwale ya zauna tsakiya, ya sa rigar da ke hana nitsewa. Waɗansu 'yan kaɗan, kimanin 3 cikin 100 na masu ciwon, walƙiyar haske ke tayar musu da shi, irin wadda rana ke yi ta tsakanin itatuwan darbejiya a gefen titi. Irin su ya wadatar su rufe ido ɗaya da tafin hannu su kau da kai daga taga.

Saura batun mutane, wanda ya fi duk na baya nauyi a zuciya. Mai farfaɗiya yana ɓoye ciwonsa ne don ya ga yadda a ke yi wa irinsa: a fasa ba shi aure, a ware masa kwano, a dare in ya faɗi wai kada kumfar bakinsa ta taɓa wani. Wannan tsoro ba shi da tushe ko kaɗan. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ko numfashi, ko taɓa jiki. Duk da haka ba a ce ya yi shela a tasha ba. Mutum ɗaya ya isa, abokin tafiya ko direban ofis ko ma'aikaciyar jirgi, tare da ɗan kati a aljihun gaba mai ɗauke da sunan ciwon, da maganin, da lambar wayar wani na gida, da Hausa da Turanci, da Faransanci ko Larabci gwargwadon inda aka nufa.

Abin da a ke so ga wanda ya sani ɗin kaɗan ne. In ciwon ya tashi a mota, direba ya sauka gefen titi. A duba agogo. A kau da abin da zai ji masa rauni, a sa masa wani abu mai taushi ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga. Kada a danne shi. Kada a tura masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki; mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙora da yatsu ne ke karyewa a banza. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin huhu za su faɗa, kada kuma a turara masa hayaƙi ko a kara ƙafarsa a wuta. Da jijjigar ta lafa sai a juya shi ya kwanta ta gefe don yawu ya zubo. A suturta shi da mayafi ko babbar riga, a kori 'yan kallo da masu ɗaukar hoto da waya, gama wani ya kan saki fitsari, kunyar abin kuwa ta fi ciwon daɗewa.

Yawancin bugu ba ya wuce minti 2 ko 3. In ya haura minti 5, ko wani ya biyo baya bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni a ka, ko a ruwa abin ya faru, ko mace ce mai juna biyu, ko kuwa wannan ne karo na farko, to asibiti mafi kusa za a nufa ba jira. In ba haka ba, zai farka a gajiye, cikin ruɗewa, watakila na rabin awa ko fiye. A gaya masa inda a ke da abin da ya faru, da murya a hankali, a tabbatar jakarsa da kuɗinsa suna nan, a ba shi kujerar da zai jingina ya yi barci. Kada direba ya sauke shi a tsakiyar daji don fasinjoji sun yi gunaguni. Ya biya kuɗin mota kamar kowa, sai a kai shi inda ya nufa, a kuma kira lambar da ke jikin katin don wani ya tarye shi a tasha.