Kiɗan Masu Ba Da Taimako, Rawar Nasarawa



Ni ɗan Nasarawa ne, ƙetaren kogin Kaduna, maƙwabciyar Kakuri inda masaƙu suka tara jama'a kafin su durƙushe. Daga can nake so mu dubi yadda hukumomin taimako na gwamnatocin waje ke sauya tafiya kan sha'anin lafiya.

A 1978 taron Alma-Ata ya yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000, ta hanyar ƙananan asibitoci kusa da jama'a. Ba a daɗe ba masu kuɗin suka ga aikin ya yi faɗi, suka koma ga abin da ke ƙirguwa: allurar rigakafi, da ruwan gishiri da sukari. A 1987 aka zo da tsarin Bamako, majiyyaci ya sayi magani, a juya kuɗin a sayo wani. Daga 2003 kuma kuɗin Amurka suka kwararo kan ƙanjamau.

Hukumar DFID ta Birtaniya ta bi wata hanya. Shirinta na PATHS2, wanda ya soma a 2008 ya kuma haɗa da Jihar Kaduna, ya sa ido kan ma'aikatar lafiya kanta: yadda ake tsara kasafi, yadda magani ke fita daga sito ya isa ɗakin shan magani. A ganina wannan ya fi, ko da yake ba aikin da ake yanka kintinkiri a kansa ba ne. To, amma a 2020 aka haɗe DFID da ma'aikatar harkokin waje, a 2021 aka rage kuɗin. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da taimakon Amurka, a Yuli aka rufe USAID. Ala tilas Nijeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓi.

Ku lura, jama'a, ba ɗaya daga cikin sauye-sauyen nan da ya taso daga Nasarawa. A ƙasashen waje aka yanke su. Mu kuwa sauron damina yana nan, mai naƙuda tana nan tana neman ungozoma da tsakar dare.

Ku da kuka soma aikin gwamnati, takardun yarjejeniya za su biyo ta teburinku. Kafin su wuce, ku tambaya: ranar da baƙon ya naɗe tabarmarsa, daga wane aljihu za a biya albashin ma'aikaciyar jinya, a kuma sa wa firjin rigakafi wuta?