Amsoshin Wasiƙunku: Huda Gilashi Mai Launi

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai kanti a Funtuwa. Ya ce yana son buɗe kewayayyen rami a gilashin tagarsa mai launi don ya ɗaura ƙaramar fanka, amma har gilashi biyu sun fashe a hannunsa.

To Malam, sannu da hasara. Abin da za ka fara sani shi ne, gilashi ba a yanka shi kamar allo. Ƙarfen yankan gilashi zane kawai yake yi, tsaga kuma ita ke bin zanen. Aikinka shi ne ka nuna wa tsagar hanya.

Ka cire gilashin daga tagar, ka wanke shi, ka shimfiɗa shi kan bargo bisa tebur. A gefen da ya fi santsi za ka yi zane. Ka nemi abin yanka mai juyawa kamar kamfas, mai roba a tsakiya da ke kama gilashi. Ka ɗiga kananzir a bakinsa, ka zagaya sau ɗaya tak. In ka maimaita, ka ɓata zanen da bakin ƙarfen duka. Kada ramin ya matso bakin gilashin.

Sai ka kife gilashin, ka riƙa dannawa da babban yatsa a bayan zanen, sannu-sannu, har ka ga tsaga ta zagayo ta haɗe. A nan ne mutane ke kuskure, su ce za su turo tsakiyar ta fita. Ba za ta fita ba, don ba ta da wurin motsi. Ka zana wata da'irar a ciki, da tazarar kamar santimita 2, ita ma ka tsaga ta. Ka cika ƙaramar da zane-zane a gicciye, ka ƙwanƙwasa daga ƙasa har ta zube. Zoben da ya rage ka yi masa gajerun zane, kada ko ɗaya ya tsallake da'irar waje, ka ɓalle su ɗaya-ɗaya da filaya. Daga nan ka goge bakin da jiƙaƙƙen dutsen wasa wuƙa.

Gargaɗi biyu. Gilashin gefen mota da irinsa gasasshe ne, ba ya yankuwa. Da ka tsaga shi sai ya ruguje kamar tsakuwa. Na biyu, ka sa tabarau, ka share ɓarɓashi da jiƙaƙƙen tsumma, domin yara da ƙafa a ƙasa suke yawo.

Gilashi mai launi da tsada. Ka fara gwaji a fasasshen farin gilashi sau uku ko huɗu. In hannu bai faɗa ba, kuɗin mai gyaran gilashi ya fi sauƙi a kan gilashi na uku.

Sai mun ji daga gare ku. Allah Ya ba da sa'a.